Gaggafar da Baba Ya Ɗauko

Gindin Dutse, Pennsylvania
Talata, 26 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Delbert,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka Verna. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Loretta da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taka? Loretta ta ce likita ya sa ranar aiki bayan Kirsimeti, kai kuma kana ta neman hanyar zillewa. Ka daure a yi, Yaya, ɗingishin ya isa haka. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashe ka a kan ƙafafunka. Mu nan sanyi ya kama sosai, ganye ya gama zuba, itatuwan kan dutse sun koma tsirara. An gyara rufin coci a ƙarshe. Twila matar ƙaninmu Wendell cikinta ya shiga wata na bakwai, ƙafafunta na kumbura amma ungozoma ta ce ba abin damuwa ba ne.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali shekaranjiya muka yi waya. Abin da na gaya maka ranar rabi ne. Na ce maka murar tsuntsaye ta shiga kajin Wendell, ka jajanta, muka yi sallama. Sauran ban iya faɗa ba domin Baba yana zaune a falo, ka kuwa san kunnensa: abin da ake so ya ji ba ya ji, wanda ba a so ko raɗa aka yi sai ya tsinta. Yau shi da kansa ya ce in rubuta maka, ya ce kada in rage komai, har da nawa laifin. To ga shi, zan bi da kai daga farko.

Bana shekara arba'in da uku ke nan Baba yana hawa dutse ƙirgar shahuna da gaggafan da ke ƙaura zuwa kudu kafin hunturu, kuma tun da na bar koyarwa ni ke riƙe masa littafi saboda rawar hannunsa. Shi da abokinsa Mista Ruppert su duba sama, su kira suna, ni in rubuta. Kakar bana tun farkonta ba ta yi mini daɗi ba. A watan Satumba dai tsuntsaye sun wuce kamar kullum, amma daga ƙarshen Oktoba abubuwa suka fara canzawa. Ka tuna ungulayen da ke kwana a dogayen itatuwan bayan maƙabarta? Mai sharar wurin ya tsinci goma sha ɗaya a ƙasa cikin mako guda, ba rauni, ba jini, kamar barci ya ɗauke su a kan reshe suka faɗo. Sai kuma tafkin tsohon ramin fasa dutse, inda kuke iyo kuna yara. Na bi ta wurin wata safiya na ga dinya fiye da ashirin a bakin ruwa, iska na kaɗa su, ba mai motsi. Guda ɗaya tana da rai, tana ta juyawa a wuri ɗaya cikin ruwa kamar an ɗaure ta da igiya. Na gaya wa Baba, ya ce, "Kada ki ƙara bi ta can." Ko hankaki, waɗanda kullum suke zuwa su yi ihu a kan mujiyar robar da muke kafawa a sanda don jawo shahuna kusa, bana sai su wuce ba su ko kalle ta ba.

Ranar Alhamis sha huɗu ga wata aka wayi gari da irin yanayin da Baba ke jira shekara guda. An kwana ana ruwa, da asuba ya ɗauke, iska ta juyo daga arewa maso yamma, mai sanyi, mai ƙarfi, ga farin gajimare ya shimfiɗu yadda ko ɗigon tsuntsu ne za ka gan shi. Tun ƙarfe bakwai Baba ya gama shan kofi yana tsaye yana jirana da sandarsa. Ya ce, "Yau ranar gaggafa ce, Verna. In ba mu samu ashirin ba ki canza mini suna." Muka hau, muka tarar da Mista Ruppert ya riga mu, ya naɗe da bargo sai hanci. Muka zauna. Ƙarfe takwas ba komai. Ƙarfe tara shaho ɗaya mai jar wutsiya. Ƙarfe goma ba komai. Yaya, ka san dutsen nan, ka san yadda yake a irin wannan rana, yadda wuyan mutum ke ciwo don duba sama, yadda ba ka gama rubuta ɗaya ba an kira maka uku. Ranar kuwa sama fayau, sai kukan iska a cikin duwatsu. Mista Ruppert ya so ya rage shirun, ya ce, "Kai Orrin, ko dai idonka ne ya mutu muke ta ɗora wa tsuntsaye?" Baba ya ce, "Mataccen idon nan shi ya nuna maka gaggafarka ta farko, lokacin da kake ganin jirgin sama ka ce shaho ne." Muka yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Na ga Baba ya sauke madubin hangen nesansa, ya goge, ya mayar, ya sake saukewa ya goge, alhali ba abin da ya same shi.

Wajen sha ɗaya da rabi Mista Ruppert ya ce, "Ga ta can, ƙasa da gajimare, saitin gonar Hostetter." Gaggafa ce mai ƙeyar zinariya, ƙarama 'yar bana, da farin tabo a fukafukai da gindin wutsiya. Na ɗaga alƙalami zan rubuta, Baba ya ce, "Dakata." Ka san yadda suke wucewa, fukafukai a miƙe, ba gaggawa, ba su ko kula da mu. Wannan kuwa sai ta taho ta karkace, ta gyara, ta sake karkacewa. Ta yi kewaye ɗaya ba dalili, iska ta tura ta baya, ta dawo. Da ta matso na sa madubi, sai na ga kanta a lanƙwashe yake zuwa baya, bakinta na kallon sama, tana tafiya ba ta ganin gabanta. Ta wuce mu ƙasa-ƙasa har muna jin ƙarar iska a gashinta, ta bugi kan wata bishiya, ta sulalo cikin tarin duwatsun da ke gangaren ƙasa da mu. Muka ji faɗuwarta.

Kafin in rufe littafi Baba ya miƙe. Na ce, "Baba, ina za ka?" Ya nufi gangaren. Mista Ruppert ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Orrin, kada ka taɓa ta. Ka ga ungulayen nan, ka ji labarin tafki. A kira masu kula da namun daji su zo." Baba ya fizge ya ce, "Kafin su zo dila ya riga su. Gubar dalmar harsashi ce, ta ci kayan cikin barewar da maharba suka yar. Na ga irinta sau huɗu, biyu sun rayu." Mutum mai shekara tamanin da ɗaya, Yaya, ya bi gangaren nan da gindi da hannu, ni ina binsa ina roƙo. Muka same ta a tsakanin duwatsu biyu, fiffike ɗaya a buɗe, jikinta na karkarwa, wani ruwa na fita daga bakinta. Idonta a buɗe amma ba ta san muna wurin ba. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ta sanyi ya rufa mata, ya kama ƙafafun da hannu ba safa, ya rungume ta a ƙirji kamar jariri. Wajen ɗagawa ta fizga kai, ruwan bakin ya fantsar masa a fuska. Ya goge da bayan hannu. Yana tafe yana yi mata magana a hankali, irin muryar da yake yi wa Mama a kwanakinta na ƙarshe, har na kasa ci gaba da yi masa faɗa.

Na tuƙa mu zuwa wurin Dakta Noreen, matar nan da ke jinyar tsuntsayen daji a bayan gari, Baba a kujerar baya da gaggafa a cinya. Na yi mata waya a hanya na faɗi yadda wuyan yake. Da muka isa sai muka tarar ta rufe ƙofar shinge, tana tsaye a waje da takunkumi da safar hannu da tabarau, ga akwatin roba a gabanta. Matar da kullum take tarar Baba da barkwanci, ranar ko murmushi babu. Ta ce, "Mista Leiby, ajiye ta a nan ka ja baya. Wa da wa suka taɓa ta?" Baba ya ce shi kaɗai, ya fara yi mata bayanin dalma. Ta ce, "Allah ya sa haka ne. Amma ka bar rigar nan a nan, zan ƙone ta. Ku je gida ku yi wanka, ku wanke mota. Kuma ina roƙonka, na san ɗanka yana da kaji. Kada ka kusanci gonarsa har sai sakamako ya fito." Baba ya ce ya ji. A gabana ya faɗa. Gaggafar ba ta kai yamma ba ta mutu.

Muka dawo gida, na sa shi ya yi wanka, na zuba kayanmu a ruwan zafi, sannan na fita da mota wurin wanki a gari, na biya kantin magani. Ban fi awa biyu ba. Da na dawo yana zaune yana karanta jarida. Washegari Juma'a da safe ina share baranda na ɗaga takalmansa na hawan dutse, waɗanda na manta da su sam ban wanke ba. Sai na ga dusar katako maƙale a ƙasansu, da kashin kaji, da ɗan jan gashi guda. Na daɗe a tsaye da takalmin a hannu. Na shiga na ajiye shi a kan tebur kusa da kofinsa, abin da Mama ba za ta taɓa yarda da shi ba, na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya kalli takalmin, ya kalli taga. Ashe bayan fitata Wendell ya yi masa waya daga asibiti, an riƙe su wajen awon Twila, ya ce don Allah Baba ya taka ya rufe wa kaji ƙofofi kafin duhu, kamar yadda ya saba yi masa. Baba ya ce, "Na buɗe baki zan gaya masa, Verna, sai na ji muryarsa a gajiye. Na ce a raina na yi wanka, na canza kaya, minti biyar ne. Takalmin ne ban tuna ba." Ɗaki uku ya shiga. Bai ko tsoma ƙafa a ruwan maganin da ke bakin ƙofa ba, don ya ce ya daskare.

Na ce a kira Wendell yanzu-yanzu. Baba ya riƙe mini hannu ya ce, "Ki bari sakamako ya fito. In dalma ce mun tayar masa da hankali a banza, ga yarinyar nan da ciki. Kwana uku kawai." Yaya, nan ne nawa laifin. Wayar tana hannuna. Na san abin da ya kamata, ni da na shekara talatin ina gaya wa 'ya'yan mutane su faɗi gaskiya tun da wuri. Amma na ga tsohon nan yadda ya ƙanƙance a kujera, kuma ni ma zuciyata tana so a ce dalma ce. Na ajiye wayar. Ranar Asabar motar ɗaukar ƙwai ta zo gonar Wendell ta wuce wasu gonaki. Ranar ce kuma Wendell ya je gyara wa maƙwabcinsa Hostetter injin ba da abinci, ya shiga har cikin ɗakin talotalonsa. Ranar Lahadi a coci ya zauna kusa da ni yana tsokanata, wai ya ji mun hau dutse mun ƙirga tsuntsu biyu, ko a ba mu aron kajinsa mu cika littafi. Na yi murmushi. Waƙar da aka yi ranar ko baiti ɗaya ban iya rerawa ba.

Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe waya ta yi ƙara. Wendell ne. Ya ce, "Yaya Verna, ki saurara." Ya yi shiru, ni ma na yi shiru, ban ji komai ba. Na ce ban ji komai ba. Ya ce, "To shi ne. A tsakiyar ɗaki na biyu nake tsaye." Ka san ɗakin kaji dubu biyu da safe, mutum ba ya jin maganar kansa. Ya ce ya tsinci talatin da huɗu a mace, zankayensu sun yi baƙi, sauran sun takure ba su taɓa abinci ba. Baba yana bayana, ya ji komai. Ya karɓi wayar ya ce, "Ka fito bakin hanya, ga ni nan zuwa. Kada ka bari na shigo." Muka je. Wendell yana cikin shinge, mu muna waje, hanya a tsakaninmu. Baba ya cire hularsa a cikin sanyin nan ya faɗa masa duka, bai ɓoye komai ba, bai kawo uzuri ba. Wendell ya saurara har ƙarshe. Na ɗauka zai yi ihu, da ma ya yi. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ke fa, yaushe kika sani?" Na ce Juma'a. Ya ce, "Juma'a." Ya sake cewa, "Juma'a. Na shiga wurin Hostetter ranar Asabar, Yaya. Twila ce ke wanke ƙwai da hannunta." Ya juya ya tafi. Tun daga ranar bai ƙara ce mana komai ba, ni da Baba.

Talata sakamakon gaggafa ya fito, murar ce. Laraba na kaji ya fito. Alhamis ma'aikatan gwamnati suka zo da manyan motoci, sanye da fararen kaya daga kai har ƙafa, suka tare hanya. Ba zan ba ka labarin yadda ake yi ba. Kaji dubu shida aka kashe, har da na ɗaki na uku da ba a ga ciwo a cikinsa ba, har da tsohon zakaran da Twila ke kira Gwamna. Shekara tara Wendell yana gina wurin nan. Yanzu an tara su a dogayen kunyoyi a bayan ɗakuna an rufe da dusar katako, in iska ta juyo daga can har barandarmu warin ke zuwa. Likitar dabbobin da ta jagoranci aikin mutuniyar kirki ce. Da Twila ta gaya mata zancen takalmi, ta ce ba wanda zai iya rantsewa ta nan cutar ta shigo, tunda kajin suna fita waje da rana, dinya kuma na bi ta kansu safe da yamma. Na kawo wa Baba wannan magana da gudu ina tsammani za ta sanyaya masa rai. Ya ce, "Ba ta ce ba ni ba ne. Cewa ta yi ba ta sani ba."

Yanzu dukanmu a killace muke. Kowace safiya wata ma'aikaciyar jinya tana kira ta tambayi zafin jikinmu. Twila lafiyarta lau zuwa yau, an gwada ta ba a ga komai ba, an tura ta gidan mahaifiyarta. Ni ma lau. Baba ne idonsa na hagu ya yi ja tun ranar Laraba, ya kumbura yana ruwa, ga ɗan zazzaɓi da yamma. Sun zo sun ɗauki gwaji, sun tabbatar ita ce, suka ba shi magani, suka ce a mafi yawan mutane iyakarta ido, amma saboda shekarunsa in na ji numfashinsa ya canza kada in jira komai. Zazzaɓin ya sauka tun Asabar, idon ma ya fara washewa. Jiya dai na ji ya yi tari sau biyu, ya ce ruwa ne ya sarƙe shi. Ina sa kunne. Talotalon Hostetter kuwa an gwada sau biyu ba a samu ba, saura gwaji na uku ranar Juma'a. An hana shi fitar da ko guda ɗaya, a makon bikin godiya da kowane gida ke gasa talotalo, makon da yake jira shekara guda. Duk gonakin da ke kewaye an sa musu ido. Matar Hostetter, wadda muka yi makaranta tare, ta wuce ta gaban gidanmu a mota ina baranda, na ɗaga mata hannu, ta kalli gabanta.

Ranar Asabar da ta wuce da hantsi muka ji ƙarar gatari a bayan gida. Na leƙa, Wendell ne. Ya zo da motarsa cike da itace, yana faskarawa yana jerawa a jikin bango inda Baba ke ajiye na hunturu. Baba ya jawo kujera bakin taga ya zauna yana kallonsa da ido ɗaya. Awa biyu yana aiki, bai ɗago kai ya dubi tagar ba ko sau ɗaya, kuma na san ya san muna nan. Na haɗa kofi na ajiye masa a kan matakala. Ya gama, ya share wurin, ya rufe itacen da tamfol, ya ɗora duwatsu a kai, ya shiga mota ya tafi. Kofin yana nan inda na ajiye shi har ya huce. Baba ya ce, "Ya jera su da kyau." Ban san yadda zan fassara maka wannan ba, Yaya. Itacen zai kai mu Maris. Jibi bikin godiya, karo na farko tun rasuwar Mama da ba za mu zauna tebur ɗaya ba.

Mista Ruppert shi kaɗai ke hawa dutse yanzu. Kullum da yamma yana kira ya karanta mini abin da ya gani in shigar a littafi, don Baba ya ce kada a bar shafi ko ɗaya fari. Jiya ya ce gaggafa tara, duk lafiyayyu, sun wuce a miƙe. Na gaya wa Baba ina murna. Ya tambaya, "Dinya fa?" Na koma na tambaya. Mista Ruppert ya ce tun safe suke wucewa garke bayan garke, ya kai dubu huɗu ya daina ƙirgawa, kuma a cikin wani garke ya ga biyu sun saki layi sun yi ƙasa, bai ga inda suka sauka ba. Da na faɗa wa Baba sai ya tashi ya ɗauko taswirar nan tasa ta bango, ya ɗora yatsa a kan dutsenmu, ya bi layin duwatsu a hankali zuwa kudu, ta Virginia, ta Tennessee, har yatsan ya tsaya a Alabama, daidai inda kuke. Ya ce, "Kwana goma, in iska ta ba su. Rubuta wa yayanki."

To ga saƙonsa, kuma nawa ne ni ma. Agwagin nan da jikarka Josie ke kiwo a kududdufin bayan gidanku, ka kama su yau ka kulle a rumfa mai rufi, kada su ƙara taka bakin ruwa sai bazara. Za ta yi kuka, ka bar ta ta yi. In kun ga tsuntsu a ƙasa, kowane iri ne, komai kyansa, komai yadda yake kallonku, kada wanda ya taɓa, kada kare ya kusance shi. Baba ya ce in gaya maka da bakinsa: shi ya san haka sarai ranar, kuma ya ɗauka. Sannan ina roƙonka ka kira Wendell. Kada ka ba mu kariya, kada ka ce masa ya yi haƙuri, ka dai bar shi ya yi magana, don tun ranar Litinin ɗin nan ban ji ya yi wa kowa magana mai tsawo ba, kai kuwa yana jin nauyinka. In gwiwa ta bari ka zo kafin a yi aikin, ka zo. Ban ce don wani abu zai faru ba. Na dai fi so ka zo.

Ka gaishe mini da Loretta da kyau, ka ce na gode da barguna. Ka gai da Curtis da matarsa, da Annalee, da Josie da ƙannenta. Baba yana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, Mista Ruppert ma ya ce a gaishe ka. Ku sa mu cikin addu'a, ku sa Hostetter da iyalinsa ranar Juma'a. Allah ya tsare ku, ya tsare abin da kuke kiwo. Zan tsaya nan, ina jin Baba yana tari a ɗaki, bari in je in duba.

Taka ƙanwa har kullum,
Verna